Idon Baba Mai Tuta

Shekara ashirin da shida Baba Mai Tuta ya yi yana tsaron wurin da titin mota ya ratsa layin dogo. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: ɗan ɗakin kwano, benci, jar tuta, da doguwar sandar ƙarfe da yake saukewa ya tare hanya in jirgi na tafe. A duk shekarun nan ko akuya jirgi bai taɓa takewa a wurin ba. Shi ya sa mutanen unguwa suka daina duba hagu da dama, sai dai su kalli sandar Baba. Da ta ɗaga sai a afka, mai goyo da mai keke da direban bas.

Yana da wata ɗabi'a da ake tsokanarsa da ita. Kafin ya sauke sanda sai ya tuɓe takalmin dama, ya ɗora tafin ƙafarsa a kan ƙarfen dogo, ya yi tsit kamar mai sauraron gulma. Direbobi su yi ta hon, wani ya leƙo ya ce, "Baba, zazzaɓin ƙarfen kake aunawa?" Ko gezau.

Auta, ƙaramar 'yarsa, tela ce, kuma kullum da safe ta nan take tsallakawa da yaranta biyu zuwa makaranta. Ita ta fara lura, ran da ya tsiyaya shayi a gefen kofi. Ta ja shi asibitin ido, a zatonta tabarau za a yanka masa.

Likitar ta daɗe tana haska idon, sannan ta tambayi aikinsa. Da Auta ta faɗa, sai matar ta ajiye biro. Ta ce, "Baiwar Allah, mahaifinki ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa. Kuma ba yau aka fara ba, ya kai shekara huɗu."

Shekara huɗu! Auta ta tuna sau nawa ta tura yaranta gaba tana amsa waya, ba ta ko ɗaga kai ba.

A barandar asibitin ta ce, "Baba, don girman Allah, da me kake ganin jirgin?"

Tsohon ya yi murmushi abinsa. "Kwantar da hankalinki. Na san lokutansa a ka. In lokaci ya yi na taka ƙarfe, wani lokacin in ji motsi, wani lokacin motoci su hana ni ji. To amma akwai Inna Mai Lemo. Idonta ras, kuma teburinta na bakin layi. Da ta hango jirgi sai ta ja teburin baya. Ƙarar jan nan nake jira in sauke sanda. Ba ta taɓa kuskure ba."

"Ta san da ita ka dogara?"

"Me zai sa in ɗora mata nauyi? Tana yi ai."

Da yamma Auta ta je wurin Inna Mai Lemo, ta sayi lemon da ba ta buƙata, ta ce, "Inna, ashe daga nan kina hango jirgi tun daga nesa?"

Inna ta kwashe da dariya. "Ni? 'Yar nan, rabona da kallon layin nan har na manta. Kallon me zan yi, alhali ga babanki? Da na ga ya tuɓe takalmi na san jirgi ya kusa, sai in ja teburina kada ƙura ta ɓata mini kaya."

Auta ta yi salati a fili, lemon ya zube daga hannunta. Wato shi yana jiran ta, ita tana jiran sa, jama'a kuma suna jiran sanda. Gari guda na tsallake layin nan safe da yamma, babu mahaluƙi ɗaya da ke kallon hanyar jirgin. Tsoro ya kama ta, da haushi, da tausayin tsohon da bai san wani abu ba a duniya sai wannan tuta. Ta kai ƙararsa ofishin jirgin ƙasa a raba shi da aikinsa? Ta yi shiru ta jira ranar da jirgi zai zo ba a lokacinsa ba? Ta koma gida.

Washegari ta zo da yaran. Jirgin safe ya wuce, Baba ya ɗaga sanda, jama'a suka afka kamar kullum. Auta ta damƙe hannun yaran ta tsaya cak. Ta duba hagu, ta duba dama, ta sake duba hagu.

Baba ya san takun jikokinsa, kullum da gudu suke wuce shi. Yau bai ji su ba.

Ya ce, "Auta, ke ce kika tsaya?"

"Ni ce, Baba."

"Na ɗaga fa."

"Na gani, Baba."

Ya daɗe tsaye, takalmi ɗaya a ƙafa. Sannan ya naɗe tutar a jikin sandarta, ya miƙo ta wajen da muryarta take. Ya ce, "Kai yaran ki dawo. Ki raka ni ofis, ban san hanyar ba yanzu."