Gangar Ƙofar Baya

Ranar ƙarshe da komai ke tafiya daidai Talata ce. Da gari ya waye Auta ya shigo shan shayi wurin mahaifiyarsa, kamar yadda ya saba tun da ya yi aure ya kama ɗaki a layin baya. Ya zauna a kujerar ƙarfen da shi ya haɗa ta, ya tsoma burodi, ya ce shayin ba sukari.

"Matarka ce ta koro ka, ka zo nan neman laifi?" in ji uwar.

"Ita ba ta karanta illar sukari a jami'a ba, Inna. Zuba mini kawai take yi."

Ta ƙara masa cokali guda ta rufe gwangwanin. Malama ake ce mata a unguwar, don ta kusa ƙarar da ƙuruciyarta tana koyar da tarihi a makarantar sakandare. 'Ya'yanta manya duk sun yi karatu sun watse. Auta ne ya ce shi ƙarfe yake so, ta yi faɗanta ta gaji ta bar shi.

Da hantsi yana rumfarsa ta walda a bakin titi, yana ɗora wa wani baro sabuwar ƙafa. Daga rumfar ana hangen katangar tsohon kamfanin fenti, wadda masu sabon gini suka lulluɓe da manyan hotuna: benaye masu gilashi, bishiyoyi a jere, mutane riƙe da kofuna suna dariya. Auta yakan ce ya bi hotunan nan kaf, bai ga mutum ɗaya da hannunsa ya taɓa yin baƙi ba. A bayan hotunan katafila na ta cin gini.

Da azahar kawunsa ya iso, yayan Malama, yana haki.

"Ɗana, ajiye ƙarfen nan. An fito da ganguna a ƙofar bayan kamfanin fenti."

"Kawu, barci ya sake sace ka a kan benci ke nan."

"Da idona na gani, ja'iri. Ka yi sauri kafin matan layinmu su kwashe."

Da la'asar Auta ya gangaro da uku zuwa rumfa, yana tura su da ƙafa. Yana da buƙatarsu. Masu ginin sun ba shi aikin raba ganguna biyu biyu a yi musu fenti, a shuka furanni a ciki, a jera su a sabon dandali, wai don baƙi su san nan unguwar masana'antu ce a da.

Da magariba ya biyo ta gida da butar shayinta, ya gyara mata mariƙin da ya daɗe yana rawa. Ta ce ya wanke hannu ya ci abinci. Ya ce matarsa na jiransa, kuma in ya ci a nan sai an yi shari'a. Ya fita yana goge hannu a wando.

Wanda bai tashi a unguwar ba ba zai gane murnar da aka yi da gangunan nan ba. A da masaƙa na gabas, kamfanin fata na gefen rafi, na fenti na tsakiya. Jiniya uku ake busawa, kowace da muryarta, kuma jariri ma ya san wadda ke dawo da ubansa gida. Masaƙa ta fara rufewa, na fata ya bi. Na fenti ya daɗe yana jan ƙafa, sai shekaru biyu da suka wuce aka sa masa kwaɗo.

Ƙofa biyu gare shi. Duk gangar da ke da sauran tina, ruwan tsinka fenti mai saurin kama wuta, ko wani magani, ta ƙofar gaba take fita, a mota. Ta ƙofar baya kuwa ba ganga da ke fita sai ta bi ta hannun Kawu, don shi ne mai wanki tun yana saurayi har furfura ta fito masa. Soda da ruwan zafi, ɗauraya a kan ɗauraya, a kife ta a rana ta bushe, sannan ya mayar da murfi ya ɗaure don ƙura da ɓeraye. Daga nan ta zama ta unguwa, kowa ya riga ya ɗauka. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, ba a kuma taɓa karya shi ba. A gangunan nan ake tara ruwan sha. Da ruwansu aka yi wa Auta wankan farko.

Auta ba mai ganganci ba ne. In ya sayo ganga a kasuwa sai ya buɗe, ya shinshina, ya cika ta da ruwa har baki kafin wuta ta kusance ta. Amma sau ɗaya, yana sabon koyo, ya taɓa kai hanci bakin gangar ƙofar baya a gaban kawunsa. Kawu ya ce, "Ni kake shinshinawa?" Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarsa. Tun daga ranar, gangar ƙofar baya ba ta sake ganin hancin Auta ba. Haka kowa yake a unguwar. Ranar Talatar nan ba wanda ya tsaya ya tambayi wa ya wanke su, har shi Kawu, da ya fi kowa sanin ba shi ba ne.

Laraba da hantsi Malama na shanya a tsakar gida ta ji ƙara, tagogi suka amsa. Ta ɗauka bango aka kayar a wurin ginin. Ta gama shanya zanin da ke hannunta, ta sa masa maƙali. Ashe ɗaya daga gangunan ce ta fashe da Auta yana yanka ta da wuta, ba a kai shi asibiti da rai ba.

Daga baya maigadin wurin ya gaya wa Kawu yadda aka yi, da sharaɗin ba shi ya faɗa ba, don yana da iyali. A wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa aka tarar da gangunan, a rufe, kowace da sauran tina a gindinta. Kai su inda ake zubar da irinsu aiki ne, sai an nemi mota an yi nisa. Ƙofar baya kuwa ga ta nan kusa, kuma an lura duk abin da aka ajiye a nan kafin yamma ya ɓace.

Manajan ginin ya zo gaisuwa. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa sai ya ce, "Mama, mun bincika. Ba daga wurinmu gangunan suka fito ba. Kin san masu walda, wani lokaci ana ɗan yin sakaci."

Malama ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Ba ta ɗaga murya ba, don gidan cike yake da mutane kuma surukarta na jingine da kafaɗarta. Ta ce, "Ga takalminka can."

Kafin sati ya zagayo an toshe ƙofar baya da bulo, an yi filasta, an shafa fenti, an ja hoton bishiyoyi ya rufe wurin. Sauran gangunan, waɗanda Kawu ya bi gida gida ya ƙwato daga hannun mata, wata mota ta zo ta kwashe su ba sallama. Malama ta tsaya a bakin titi tana kallon sabon fentin. Shekara da shekaru tana koya wa 'ya'yan mutane yadda masu ƙarfi ke shafe abin da ba su so a tuna, ba ta taɓa zaton za ta ga ana yi da cokalin magina a layinsu ba. Ta je ofishin masu ginin, aka ce manaja na taro. Ta koma, aka ba ta ruwan sanyi da kujera mai laushi. Magana ɗaya take nema, ta kuma faɗa wa duk wanda ya fito: a ce daga wurinsu ta fito, a janye kalmar sakaci daga kan ɗanta. Kowa ya ce zai isar.

Benaye suka tashi. Aka bar bututun hayaƙin masaƙa a tsaye aka zagaye shi da fitilu. Ɗakin da Kawu ya ƙarar da fatar hannunsa a cikin soda ya zama wurin shan shayi. Aka sa wa unguwar sabon suna da 'yan cikinta ba su iya faɗa.

Ana saura kaɗan a buɗe wurin sai ga wata budurwa daga wurin masu ginin, mai ladabi, ta durƙusa har ƙasa. Ta ce suna shirya ɗakin tarihi, inda za a ajiye kayan ma'aikatan da, don na baya su gani.

"An ce marigayi ƙwararren mai walda ne, Mama. In za ki ba mu gilashin waldarsa da safar hannu, za mu sa su a akwatin gilashi, da hotonsa."

"Me za a rubuta a ƙasa?"

"Cewa yana cikin masu sana'ar da suka gina unguwar nan."

"Tashi, 'yata, in nuna miki abin da zan ba ku."

Ta kai ta bayan ɗaki, ta yaye wani tsohon bargo. Gangar ce. Kawu ne ya jawo ta nan tun ranar, kafin motar ta zo. Kanta ya tashi, gefenta ya tsage ya naɗe waje, rabi ya yi baƙi. A ɗaya rabin shuɗin kamfanin fenti na nan, da tambarinsa.

"Wannan za ku sa a akwatin. Rubutun ba shi da yawa: an same ta a ƙarƙashin ginin nan, an fito da ita ta ƙofar baya ba wanki."

Yarinyar ta ja da baya. "Mama, ni ba ni da hurumin wannan."

"Hurumin zuwa karɓar gilashinsa fa, wa ya ba ki?"

Malama ta nuna gangar, ta ci gaba:

"Tarihi kuka ce. Aikina ne, na san kamanninsa. Hannun ɗana kuke so a bango, ba ku son abin da ya cire hannun. Je ki gaya musu tana nan. Ranar da suka shirya su aiko mota, sun iya aiko mota."

Ba wanda ya zo. An buɗe ɗakin tarihin da hular wani direba da tsohuwar jiniya da aka cire mata waya.

Kayan Auta ba su da yawa. Injin walda da tulun gas an ba maƙwabcinsa na rumfa, wanda ya fara isa gare shi ranar. Tufafinsa matarsa ta raba, ta riƙe rigar aiki ɗaya da gilashin, ta ce na 'yarsu ne in ta girma. Rabin gangunan da ya riga ya gama wa masu ginin, na kasuwa ne, masu tsabta, Malama ta raba wa matan layin suna wanki a ciki. Da aka aiko ɗauka ta ce a je a tambayi ƙofar baya. Butar shayin tana kan wuta kullum, mariƙin bai sake rawa ba.

Gangar kuwa ta sa an fito da ita ƙofar gida, gefen da tambarin yake yana kallon titin da motocin sababbin benaye ke bi. Washegari da safe ta leƙo ta tarar da Kawu a tsugune gabanta, da bokiti da soda da tsohon burushinsa. Tun rasuwar bai iya haɗa ido da ita ba.

"Yaya, me za ka yi?"

"Ko sau ɗaya ne, bari in wanke ta."

Ta sunkuya ta karɓi burushin daga hannunsa, ta ɗauke bokitin.

"Kada ka taɓa ta. Haka suka fito da ita, haka za ta zauna. Taso ka sha shayi."