Ƙararrawar Gidan Mirlande

Mirlande Dorcé ta zo birnin Rosario daga garin Jacmel ta ƙasar Haiti da akwati ɗaya da wata rigar sanyi wadda ba ta tare komai. Karatun jinya ya kawo ta. Da safe tana aji, da rana tana tare da mu a masana'antar taliya, ni a kan injin murza, ita a teburin ravioli, taliyar da ake cusa wa nama ko cuku. Shekara biyar muka yi haka. Ba ta da surutu, shi ya sa muka shirya.

Duk shekara takan sabunta takardar zamanta ta ɗalibi. Da ta gama karatu, wannan ƙofar ta rufe: ko izinin zama na dindindin, ko ta tattara ta koma. Wani asibiti ya ce zai ɗauke ta idan ta kawo katin zaman dindindin ɗin. Ta haɗa komai, har takardar haihuwar da ta yi wata takwas a hanya. Saura shaidar adireshi, wadda sai ɗan sanda ya zo ƙofa ya gan ka da idonsa.

Sau biyu ta wuni a ɗaki tana jira. Sau biyu aka rubuta ba a same ta ba. Kwana tara ya rage takardarta ta mutu.

A wurin shan mate, shayin ganyen da muke sha lokacin hutu, kowa ya zama lauya. Nélida abokiyar aikinmu ta ce a kunna kyandir a coci. Fabián direba ya ce yana da ɗan'uwa a ofishin shige da fice, ɗan'uwan da har yau ba wanda ya taɓa gani. Ni kuwa, ranar Lahadi na hau keke na tafi gidan da take zaune.

Irin gidajen nan ne masu dogon lungu, ɗakinta ne na ƙarshe. Na danna ƙararrawa. Shiru. Na kwance murfin, sai ga waya a yanke, har ta yi tsatsa. Tsohuwar da ke da gidan ta ce ita ta datse tun tuni, masu talla sun ishe ta. Mirlande ba ta sani ba, don ba ta yin baƙi.

"Ke, shekara biyar ba wanda ya zo wurinki?"

"Kai ma ai yau ka fara zuwa, Tsoho."

Na ja sabuwar waya har bakin ɗakinta.

Ranar Talata ƙararrawa ta kaɗa. Ɗan sandan ya dube ta, ya dubi fasfo, ya sa hannu. Minti biyu.

Ranar da katin ya fito, ta ajiye shi a kan injina, ta zauna a kan buhun fulawa ta yi ta sauke numfashi. Fabián ya ce aikin ɗan'uwansa ne. Muka bar shi.

Yanzu tana asibiti, ɓangaren masu karaya. Jefi-jefi ranar Lahadi nakan bi ta lungun in danna, don in ji ko wayar na nan. Takan buɗe, kuma yawanci akwai shinkafa da wake a wuta.