Takardar Asalin Hadiza

Kwana uku ke nan fom ɗin jami'ar 'yata Hadiza yana kan teburin shagona. Saura takardar shaidar asali kawai, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓa.

A Bukuru kusa da Jos aka haife ni, haƙar kuza ce ta kawo kakana. Sakandare kawai na yi, amma da keken ɗinki ɗaya na gina gidana. Duk da haka a ofishin ƙaramar hukuma aka ce mu je mu nemo takardar a garinmu na asali.

Muka tafi ƙauyen kakana. Dagaci ya ce, "Alhaji, ai ku 'yan Jos ne, wa ya san ku a nan?"

A mota Hadiza ta ce, "To Baba, ina zan rubuta a matsayin garinmu?"

Haka muka dawo gida ba takarda. Ku da kuka taɓa shiga wannan hali, ina kuka rubuta?