Ɗiya ta koma iya

Ina zaune a asibitin da nake kula wa da kwamfuta a Bagudo, sai ga Baba Manu masunci ya miƙo mini waya.

"Ɗana, iyata ta daɗe a ƙasa. Wa ta haifa?"

Na duba saƙon da muka tura masa: "iyarka ta haihu."

Na ce, "Baba, ɗiyarka ce. Namiji ta samu."

Ashe tun da na mayar da tsohuwar manhajarmu ta tura saƙo daga harshen kwamfuta na Python 2 zuwa 3, duk harafi mai ƙugiya irin ɗ zubar da shi take yi.

Har yanzu tsoron duba sauran saƙonnin nake. Masu wannan sana'a, ku ma ƙugiya ta taɓa tayar muku da matacce?