Ƙwan da Aka Hana Jikana

A gidan mijin 'yata da ke Jekadafari kaji sun fi mutane yawa, amma jikana bai taɓa ɗanɗana ƙwai ba. Dokar Hajiya ce, uwar mijin. Wai yaron da aka ba ƙwai kafin ya yi wayo ɓarawo zai zama. Tun ina yarinya nake jin zancen nan. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, aka koya mana abincin gina jiki, sai na gane manya ne suka ƙirƙiro shi don ƙwan ya tsaya a kwanonsu.

Bayan an yaye yaron na taso daga Tudun Wada na je ganinsa. Na same shi zaune a tabarma, gashinsa ya yi ja, ƙafafu a kumbure, yana tsotsar biskit da aka tsoma a shayi. Na danna ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ubansa kuwa, ƙato da gemunsa, yana gefe yana cin wainar ƙwai da burodi.

Hajiya ta nuna yaron ta ce, "Kin ga maigidan namu ya yi ƙiba?"

Na ce, "Ƙiba, Hajiya? Kumburi ne. Yunwa ke cinsa."

"A'uzubillahi! Yunwa a gidana? Yaron da har lemon kwalba ake saya masa?"

"Lemo abinci ne? A ba shi ƙwai, a sa masa gyaɗa a kunu."

"Ba za a mayar mini da jika ɓarawo ba."

"Duk masu fasa shaguna a garin nan ƙwai aka ba su? Ai da masu kaji sun gina benaye."

'Yata na tsaye ta sunkuyar da kai. Ta gama sakandare, ga waya a hannu, amma wai kunyar suruka ta hana ta magana. Kunya! Ɗanki yana narkewa kina kunya.

Na ciro zanen goyo na goya shi, ban nemi iznin kowa ba, sai asibiti. Malamar jinya tana ganin ƙafafun ta ce tamowa ce, aka ba mu gado. Da kumburin ya saɓe, sai ga ainihin yaron, ƙashi da fata. Aka sallame mu na wuce da shi gidana, kullum kunun gyaɗa, faten wake da zogale, da dafaffen ƙwai, har ya miƙe yana bin bango.

Uban ya zo ya durƙusa a zaure. "Inna, a yi haƙuri a ba mu shi."

A al'ada ba na haɗa ido da suruki. Ranar na dube shi sosai, na ce zan mayar da yaron da kaina, amma shi zai ɓare ƙwai ya ba shi da hannunsa, a gaban Hajiya.

Haka aka yi. Hajiya ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Yaron ya cinye, ya buɗe baki yana neman ƙari, 'yata ta tashi ta ɗora wani a wuta.