Kunyar Ɗan Fari a Sifaniya

Na haura hamsin lokacin da na sake zama a aji, a wani gari da ke kudancin Sifaniya, cikin yara masu gajeren wando waɗanda duk na haife su. Su yawon buɗe ido ya kawo su koyon Sifaniyanci. Ni kuwa jikata na zo nema.

Ubanta shi ne ɗana na fari. A unguwar Jarwal ta Makka na haife shi, ba da jimawa ba bayan mijina ya ɗauko ni daga Kano, a wani gida da yanzu otal ne a wurin. Na yi masa kunyar ɗan fari yadda na ga uwata ta yi wa yayana: ban taɓa kiran sunansa ba, ba na yi masa wasa a gaban mutane, in ana yabonsa sai in tashi in shige kicin. A Kano wannan ba komai ba ne, domin ga kakanni ga gwaggwanni, za su yi ta ɗaukar yaro har ya gaji. A Jarwal ba mu da kowa. Matan maƙwabta suna leƙowa ta taga suna kiran nasu da ya habibi, ya galbi, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Na san yana ji. Amma ni a wurina ba hana shi na yi ba, ajiya nake yi masa. Ranar da ya haihu, duk wasan da na riƙe a kan ɗansa zan juye shi, haka muka taso muka gani.

Ya girma, ya tafi Sifaniya karatu, ya auri 'yar can, suka haifi mace. Sunana ya sa mata, don haka shi ma bakinsa bai iya kiran sunan ba, sai yake ce mata Ummi, wato uwata. Ba ta daɗe da shiga makaranta ba ciwon zuciya ya ɗauke shi a wurin aiki. A can aka binne shi, ban ga gawarsa ba.

Matarsa mutuniyar kirki ce, ba zan ci haƙƙinta ba. Takan kira ni ta ajiye yarinyar a gaban waya, mu yi ta ɗaga wa juna hannu kamar masu bankwana a tasha. Autata, wadda muke zaune tare a unguwar Shisha tun rasuwar babansu, ta nuna wayar ta ce, "Mama, jawwal ɗin nan fa yana tarjama. Ki faɗi maganarki, shi zai faɗa mata, halas." Mun gwada. Wata muryar mace ce ke fitowa, irin ta masu sanarwa a filin jirgi, yarinyar kuma sai ta koma sauraron muryar ta manta da ni. Wa ya taɓa tsokanar jika ta bakin ɗan aike? Na ce da bakina zan koya. Autar ta yi ta wahalar biza har ta samu, ta nemo makarantar da ke koyarwa cikin wata guda, ta rako ni.

Daga hantsi har azahar muna aji, da la'asar mu koma hira. Na koyi yadda ake sayen kofi, abin da ba na sha. Na koyi tambayar tashar jirgin ƙasa. Larabci da kansa ya shige ni a kasuwar Utaibiyya ina yarinya, wannan kuwa sai in haddace da safe, kafin magariba ya zube. In na buɗe baki zan yi Sifaniyanci, Larabci ke rigan fitowa.

Malamar yarinya ce mai fara'a, komai ka faɗa daidai sai ta tafa maka. Wata rana ta ce kowa ya nuna hoton iyalinsa. Na nuna nasa. Ta tambaye ni sunansa. Na ji tambayar sarai, ai ita aka fara koya mana. Na ce ɗana ne. Ta sake tambaya a hankali, ta nuna ƙirjinta ta faɗi nata sunan, kamar mai magana da kurma. Na sunkuyar da kai. Yana raye ban kira ba, sai yanzu da yake kwance zan kira a gaban 'ya'yan mutane don a tafa mini? Washegari aka mayar da ni ajin 'yan farawa. Na ji haushi ƙwarai, amma ba ni da kalmomin da zan nuna haushin da su.

Da aka gama, muka hau jirgin ƙasa zuwa garin su jikata, da dabino da zamzam da 'yar doguwar riga. Yarinyar ta ɓuya a bayan uwarta, daga baya ta matso. Goshinsa ne da ita, har da yadda yake karkatar da kai in yana kallon mutum. Na zazzage mata abin da na haddace: ni ce kakarki, shekarunki nawa, kina son makaranta? Ta amsa da wani dogon zance da gudu, wanda ban tsinci komai a ciki ba sai kyanwa. Na ga idonta ya fara komawa kan talabijin, hankalina ya tashi. Sai na yi mata abin da kakata take yi mini, abin da na yi shekaru ina tanadi. Na ja mata hanci, na ce da Sifaniyancina, "Ke mummuna. Ni na fi ki kyau."

A Kano da ta murguɗa baki ta rama, da an yi dariya, da mun ƙulla ke nan. Ita kuwa ta dube ni, ta fashe da kuka.

Uwar ta ɗauke ta ta kai ɗaki, ta dawo ta zauna a gabana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi magana dalla-dalla da ƙananan kalmomi, irin yadda malamarmu take yi, don in gane.

"Ya faɗa mini," ta ce. "Ba ki taɓa kiran sunansa ba. Ko sau ɗaya. Abin yana damunsa."

Ba kalmar da ta wuce ni. Da ban je makarantar ba, da ina zaune ina murmushi ina gyaɗa kai. Watan nan ya buɗe mini kunne daidai yadda zan ji wannan, bai ba ni bakin amsawa ba. Amsar kuwa tana nan cikakkiya a ƙirjina da Hausa: ke da kika zauna da shi, kin taɓa jin ya kira sunan 'yarsa? Ba ya sonta ne? Abin da ya iya fitowa daga bakina shi ne yi haƙuri, irin wanda aka koya mana a faɗa in an taka ƙafar mutum a bas. Ta gyaɗa kai kamar na amsa laifi.

A hanyar dawowa na ba autar labari, don ita ba ta jin Sifaniyanci, na ce ko da Turancinta ne ta yi wa matar bayani. Sai ta ce, "Wallahi Mama, mu ma da muke gidan ba mu taɓa ganewa ba."

Na dawo Makka. Sifaniyancin yana ta tsiyayewa. A Harami in na ji alhazai suna yin sa, sai in bi bayansu a hankali ina tsintar abin da ya rage mini: ruwa, ƙofa, gajiya. Matar tana kira har yanzu, sai dai tazarar tana ƙara tsawo. A kiran ƙarshe na tattara ƙarfina na ce, "Ummi." Yarinyar ba ta ɗago ba, ba wanda ke kiranta haka tun da ya tafi. Can uwar ta ƙwala mata kira daga kicin da sunanta na yanka, wanda shi ne nawa. Muka amsa tare. Ita ta tashi ta tafi, ni aka bar ni da wayar tana nuna mini silin ɗakinsu.