Igiyar Kakana da Zurfin Teku

A shekarata ta biyu a lise, wato babbar sakandaren Dogon Dutsi, malamin jogarafi ya raba mana batutuwan da kowa zai tsaya gaban aji ya yi bayani. Nawa shi ne yadda mutane suka fara auna zurfin teku a zamanin da. Na ji daɗin batun, sharaɗin ne ya tayar mini da hankali: ba a karantawa daga takarda. Sau biyu a baya na tsaya gaban allo murya ta ƙi fita, har sai da aka ce in koma in zauna. Wannan karon malam ya gaya mini a gefe, cikin lallashi, cewa idan na sake yin shiru zai miƙa wa wani batun.

Na yi mako biyu a ɗakin karatu ina kwafe abin da na samu cikin littafina, ina ja wa muhimman wurare layi da jan biro. A da, matuƙan jiragen ruwa sukan ɗaura dalma a bakin doguwar igiya su zura cikin ruwa, su ƙirga tsawonta da buɗin hannuwa biyu, wato gaba, kamar yadda ake auna rijiya a wurinmu. Sukan shafa kitse a gindin dalmar domin ta ɗauko abin da ke ƙasa, ko yashi ko laka. Duk wannan na gane. Wuri ɗaya ne ya tsaya mini: an ce a tsakiyar teku sukan yi ta sakin igiya ba su san dalma ta riga ta sauka ba, sai su rubuta zurfin da ya wuce gaskiya. Na haddace jimlar, amma ban ga yadda mutum zai kasa sanin abu ya taɓa ƙasa ba. Na kuma san halina, abin da ban gane ba bakina ba ya iya faɗinsa.

Ranar Asabar na hau kabu-kabu zuwa ƙauyenmu da ke bayan Kiyeshe. Kakana na wajen uba tsohon mahaƙin rijiya ne, ya daina shiga rami tun ina ƙarama, amma rijiyar da unguwarmu ke sha shi ya haƙa ta. Na tarar da shi a gindin bedi, wato dogon yaro, yana tufka igiya.

"Amarya ta tuna da mijinta," in ji shi. "Mi kinka kawo mini daga birni? Takarda?"

Na ce aron igiya na zo yi, zan auna rijiya.

"Rijiyar da ni haƙa da hannuna? Ki tambaye ni mana, in hutar da ke."

Na ce ina so in gwada da kaina. Ya ba ni tsohuwar igiyar guga mai kauri, ya biyo ni yana dogara sanda, wai kada amaryarsa ta faɗa ciki a ce shi ya tura ta. Na nuna masa ɗan kitsen da na roƙo wurin kakata, nan take ya karɓe.

"A ruwan da mutane ka sha? Matan unguwa su cinye ni ɗanye."

Ya aika aka kawo kakin zuma, ya murza shi a tafin hannu har ya yi laushi, ya manna a gindin dutsen da na ɗaura.

Rana ta ɗaga, masu ɗiban ruwa sun ragu. Na fara zurawa ina ƙirga gaba a hankali, ina sa alama a littafi bayan kowace biyar. Na ji ƙarar dutsen ya shiga ruwa, na ci gaba. Igiyar tana ja, ni kuma ina ba ta. Sai da na kai gaba ashirin da shida na ga kamar ta yi sanyi, na tsaya na rubuta.

Kakana ya yi dariya har da tari. "Ashirin da shidda! Ashe bayan na hita wani ya shiga ya ƙara mini takwas."

Na ce ai gabata ba ta kai tasa ba.

"Ko da hannun jinjiri kinka auna. Dutsenki ya daɗe zaune, igiya ce ka jan 'yar'uwarta, tana naɗewa a ƙasa kina ba ta."

Na tsaya riƙe da igiyar ina kallonsa. Abin da littafi ya kasa fahimtar da ni ke nan. Igiyar da ta riga ta sauka tana da nata nauyin, ta jiƙe ta ƙara nauyi, kuma ita ke ci gaba da ja. Idan rijiya ta ruɗe ni haka, to ina ga teku, inda igiyar ta fi dalmar nauyi nesa ba kusa ba, ga ruwa na janta gefe?

Muka jawo, muka sake. Wannan karon ya ɗora igiyar a kan yatsana manuni, ya ce in rufe ido in bar ƙirga, shi zai ƙirga. Na daɗe ban ji komai ba sai kaushin igiya. Can sai nauyin ya ragu kaɗan, kamar an karɓi wani abu daga hannuna.

"Nan," na ce.

"Goma sha takwas da ɗan kai," in ji shi. "To, amarya ta yi hankali."

Da muka fito da dutsen, farin yashi mai laushi ya manne a kakin. Ya shafa shi tsakanin yatsu, ya ce a kan wannan yashin ya tsaya da haƙa, ran da ruwa ya ɓullo masa tsakanin ƙafafu. Na naɗe kakin cikin takarda na sa a jaka.

Ranar bayani na bar littafina a kan tebur, na fita da igiya da dutse. Da farko na buɗe hannuwa na auna gaba ɗaya a gabansu, aji ya yi dariya, ni ma na yi. Daga nan hannuna na aiki, bakina na bi. Na ba su labarin gaba takwas da na ƙara wa rijiyar kakana, sannan na koma kan matuƙan jirgi: yadda daga baya suka koyi duba agogo suna lura da saurin fitar igiya, in ya ragu su san an sauka, da yadda a yau ake aika sauti ƙasa a jira dawowarsa. Kakin ya zaga aji hannu zuwa hannu.

Wani ɗan ajinmu mai surutu ya ɗaga hannu ya tambayi malam. "Mushe, ita da ko Yamai ba ta taɓa zuwa ba, ina ta san teku?"

Na ce ban san shi ba, amma su ma masu aunawar ba su ga ƙasansa ba, da yatsa suka ji shi.

Malam ya duba agogonsa ya ce lokacina ya wuce tuntuni, in taƙaita. Na taƙaita, na naɗe igiyar yadda kakana ke naɗe ta, daga gwiwar hannu zuwa babban yatsa, domin ya ce in mayar masa da ita ranar Asabar ko ya ƙara aure.